Kuɗin adashe ya zo: sabuwar tab ko takin maigida?

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a sakaya sunana. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim, ina da aure da yara uku. Na yi NCE a Gumel, yanzu kuma ina haɗa digiri a NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, daga gida nake karatun. Duk karatun nawa a kan wata tsohuwar kwamfutar hannu yake, irin wadda muke ce wa tab, yayana da ke Kano ne ya ba ni ita shekara shida da suka wuce, shi ma ta hannu ya saya. 'Yar 2016 ce, RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take gudanar da aiki da ita, giga 2, ma'ajinta giga 16, Android 8. Yanzu ta fara gajiya, in aka cika ta da safe a shagon caji kafin la'asar ta mutu, kullum tana cewa wuri ya cika, kuma sau biyu tana tsaya min cak ina tsakiyar TMA, wato gwajin da muke amsawa a shafin jami'a. Ƙarshen watan nan ni ce da kwasar adashe, dubu 200, kuma tun ranar da aka fara zubi na sa a raina sabuwa zan saya, balle da wata abokiyar aikina ta sayo tata na ga yadda take gudu. Sai ga maigida ya ce in ranta masa dubu 120 ya sayi taki tunda damina ta ƙarato, zai biya in an yi kaka. Bai matsa min ba, amma na san yana buƙata. Ga shi kuma ina jin nauyin yayana, kar ya ga kamar na raina kyautarsa. Wallahi na rasa yadda zan yi.

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma tun kafin mu taɓa maganar tab akwai abin da na ji a muryarki, kamar kina jin kunyar son abin da kike so. Ki cire wannan daga ranki. Macen da za ta tashi da asuba ta yi shara ta dama koko ta sallami yara ta tafi aji, ta dawo ta ɗora tuwo, sai dare ya raba kowa ya kwanta sannan ita ta jingina da bango tana karanta darasi a kan abin da zai iya mutuwa kafin ta kai shafi goma, in ta ce tana son kayan aiki mai kyau ba ta yi almubazzaranci ba. Yadda fartanya take a wurin maigidanki haka tab ɗin nan take a wurinki. Kuɗin adashen kuma guminki ne, a addini dukiyar mace tata ce, shi ya sa ma bawan Allahn ya ce rance, bai ce ki ba shi ba. Ki riƙe wannan da kyau, saboda duk abin da zan faɗa nan gaba in kin ɗauka to zaɓinki ne, ba wanda ya tilasta miki.

Toh ni dai a ganina kar ki sayi sabuwa a ƙarshen watan nan. Ki gyara wannan ta raka ki zuwa kaka, ki ba maigida rancen da sharaɗi bayyananne, sannan ki saya a natse. Dalilina kuwa, abu uku kika lissafa min, biyu daga ciki ciwo ne mai arhar magani, na ukun ma wataƙila ba laifin tab ɗin ba ne gaba ɗaya.

Mu fara da caji. Batirin waya da na tab duk iri ɗaya ne, lityum ake ce masa, kuma yana da adadin cajin da yake iya ɗauka, bayan 'yan ɗaruruwan cikawa da ƙarewa sai ya fara rage riƙo, ba wai an yi masa wani laifi ba, haka halittarsa take. Na tab ɗinki ya yi shekaru yana aiki tun a hannun mai ita na farko. Ga zafi, babu abin da ke kashe batir kamar zafi, kuma kin san yadda Afrilu da Mayu suke a wajenmu, ma'auni yana haura 40, a kai ta shagon caji a jibga mata wayoyi ashirin a kai ƙarƙashin rufin kwano ga janareta na huci a gefe. Batirin da ya kai yanzu a haka ai ya yi ƙoƙari. Abin da za ki fara yi yau ɗin nan, ki cire mata riga ki kwantar da ita a kan faranti ko tebur mai santsi ki duba ta gefe, in kin ga bayanta ya yi tudu ko gilashin ya fara ɗagowa daga jiki to batirin ya kumbura, daga nan kar ki ƙara sa ta a caji, kar ki bar ta kusa da katifa ko a hannun yara, kar kuma wani ya ce zai danna ya koma, kumburarren batir yana kamawa da wuta. Na taɓa ganin wanda ya kumbura har ya tura gilashi waje a hannun wata 'yar ƙanwata, tun daga ranar ban ƙara wasa da wannan maganar ba. In kuma lafiya lau take a shafe, to sauyin batir ne kawai, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sabuwa ba.

Kafin ma ki je wurin mai gyara ki ari caja da igiya masu kyau ki gwada, sau da yawa igiyar ce ta mutu ko ramin cajin ya cika da ƙurar hunturu, sai a ce ta cika alhali rabi ta sha. Ki kuma sauya yadda kike karatu da ita, in littafin darasi kike karantawa wanda kin riga kin sauke, ki kashe data ki sa ta a yanayin jirgi ki rage hasken fuska. A ƙauyen da sabis yake da rauni na'ura tana ta laluben eriya ne ba hutawa, wannan laluben kaɗai yana shan caji kamar me. In za ki kai ta gyara, ki cire sim da memori, ki tambayi kuɗin batir da na aiki tun kafin a buɗe ta, ki zauna a wurin ko ki bar wani naki, ki kuma ce a ba ki tsohon batirin ki gani da idonki.

Sai maganar wuri ya cika. Giga 16 ɗin nan ba duka ne naki ba, Android ɗin kansa da manhajojin da suka zo da ita sun riga sun cinye kaso mai yawa, ɗan abin da ya rage kuma na tabbata WhatsApp ne ya handame. Ki lissafa gurup nawa kike ciki, na makaranta, na 'yan ajinku a jami'a, na dangi, na wa'azi, na 'yan adashen ma, kowa ya turo bidiyon biki ko karatun awa guda sai ya sauka da kansa ya zauna miki. Ki shiga saitin WhatsApp wajen ma'aji da data, ki hana hoto da bidiyo sauka sai kin taɓa, a nan wurin dai akwai inda zai jero miki manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turowa, ki goge ba tausayi. Ki duba abin da yara suka tura ta Xender, katun ɗaya kan iya fin littattafan zangon karatunki duka nauyi. Facebook babba ki cire ki sa Facebook Lite. Sannan ki sayi memori mai giga 32 a wurin wanda kika yarda da shi, don akwai na jabu da yake nuna girma amma kina cika shi abubuwa su fara lalacewa, ki mayar da littattafai da hotuna can. In duk kin yi wannan tana nan da nauyinta, sai a wanke ta tas ta koma kamar ranar da ta fito daga kwali, amma dan Allah kafin a wanke ki kwashe littattafanki da hotunan yara zuwa wani wuri, ki kuma tabbatar kin san imel ɗin Gmail da ke kanta da fasuwod ɗinsa, in na yayanki ne ki tambaye shi, don bayan wanki tana iya neman su ta ƙi buɗewa sai an sa.

Na ukun shi ne ya fi damunki na sani, mutum yana tsakiyar TMA abu ya tsaya, zuciya sai ta tsinke. Amma kafin ki ɗora wa tab laifi ki yi wannan gwajin, ba ya cin ko kwabo. Ki roƙi abokiyar aikin nan taki ku zauna wuri ɗaya lokaci ɗaya, ku buɗe shafin jami'ar a taki da tata, in da hali da layi iri ɗaya. In tata ta buɗe fes taki tana juyi, to tab ɗin ce. In dukansu juyi suke, to sabis ne, kuma ko ta miliyan kika saya a ƙauyen nan haka za ta yi miki. Ki gwada kuma ranar da kika shiga Ringim ko Dutse ki ga bambanci. Mutane da yawa sun sayi sabuwar na'ura sun dawo gida sun tarar matsalar tana nan a kan eriya. Ki lura da lokacin da sabis ya fi sakewa a garinku, galibi bayan asuba ne kafin gari ya tashi, ki riƙa yin TMA a lokacin, ki rufe duk sauran manhajoji, kar kuma ki bari sai ranar ƙarshe.

Yanzu kuma ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba, don kar ki ce Anti ta hana ni saye kawai. Tab ɗinki ta tsufa da gaske. RAM 2 ba a ƙara shi, yadda ya zo haka zai tafi, kuma shafukan intanet kullum ƙara nauyi suke. WhatsApp har yanzu yana aiki a kan Android 8, nan ba ki da matsala, amma sabon Chrome ya koma neman Android 10, wanda ke kan taki zai ci gaba da buɗewa amma ba zai ƙara sabuntuwa ba, kuma na'ura mai wannan shekarun ta daɗe da daina samun gyaran tsaro daga kamfani. Saboda haka ki cire manhajar banki daga kanta in akwai, ki bar ta a karatu kawai. Sayen sabuwa kam za ki yi shi, yana nan tafe, abin da muke magana a kai yaushe ne. Kuma ki sa wa gyaran iyaka, in batir da memori da aiki suka nemi haura kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin sabuwa, ko mai gyara ya ce ai injin ciki ne ya taɓu, ki ɗauko abarki ki dawo, kar ki zuba kuɗi a rijiya.

Toh mu zo kan maigida, don a nan ne ainihin nauyin yake. Taki yana da lokaci, tab ba ta da shi. Wadda za ki saya a Yuni ita ce dai za ki tarar a Nuwamba, amma takin da ba a zuba wa gero da dawa a kan kari ba, ko buhu goma aka kawo daga baya ya zama labari. Kuma abin da gonar nan za ta bayar a tukunyarki zai ƙare, ke za ki auna ki kai niƙa, in rumbu ya gaza a watan bakwai albashinki ne zai tafi kasuwa awo, kin fi ni sanin wannan. Shi ya sa nake ganin rancen ba sadaukarwa ba ce zalla, akwai rabonki a ciki. Mutumin da ya zo ya faɗa miki buƙatarsa bai ɗaure fuska ba bai turo uwarsa ba, ya girmama ki, kuma ba ƙaramin abu ba ne namiji ya buɗe baki ya nemi rance wurin matarsa.

Amma fa "in an yi kaka" ba rana ba ce. Wace kakar? Ta gero da ake yanka a Satumba, ko ta riɗi, ko sai dawa ta shigo wajen ƙarshen shekara? Kuma kin san da kaka hatsi faɗuwa yake, manomi mai dabara ba ya son sayarwa a lokacin, sai ya ce a bari ya ɗan tashi, ke kuma kina jira, daga nan ɓacin rai yake farawa ba tare da kowa ya yi niyyar cutar wani ba. Ku zauna bayan isha yara sun yi barci, ki ce masa Malam zan ba ka, amma ka san tun farko na yi niyyar sayen abin karatuna da kuɗin nan, to mu sa wata, kuma ka faɗa min daga wane amfanin za a fitar. Ku rubuta ko a bayan littafi ne, ko ku sanar da mutum ɗaya da kuka yarda da shi ku biyun. Ba rashin yarda ba ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, in kika kawo masa ta nan ba zai ji ciwo ba. Ku kuma taɓa maganar da ba a son taɓawa, in damina ta zo da gardama fa? Ke 'yar Ringim ce, ba sai na tuna miki ambaliyar 2022 da yadda ruwa ya shanye gonaki a yankinku ba. Allah ya kiyaye, amma ku faɗa tun yanzu, in haka ta faru zai biya kaɗan kaɗan ne, ko akwai dabbar da za a ɗaga. Abu ɗaya da ba ki faɗa min ba, ko ya taɓa rance a wurinki a baya kuma yaya aka ƙare. In mai cika alkawari ne ki ba shi dubu 120 ɗin da zuciya ɗaya. In kuwa akwai tsohon bashi da ya bi ruwa, ki ba shi abin da in ya makale ba zai hana ki barci ba, ko rabi ne, ki faɗa masa dalili cikin ladabi.

Ki kuma nuna masa abin da kike yi da tab ɗin, da gaske nake. Maza da yawa a ƙauye suna ganin mace riƙe da ita sai su ɗauka kallo ne da hira. Ki buɗe masa littafin darasi ɗaya ya ga yawan shafukan, ki nuna masa inda kike amsa tambayoyi, ki ce masa digirin nan in ya kammala akwai ƙarin mataki a wurin aiki kuma gidan nan zai shigo. Wanda ya gane haka shi da kansa zai riƙa tuna ranar biya.

Sauran dubu 80 kuma, ki fitar da na batir da memori, in da hali ki ƙara da fawa banki mai kyau ko ƙaramar sola, don ki rage kai ta shagon caji, kuma ko kin sayi sabuwa za su ci gaba da yi miki aiki. Abin da ya rage kar ki ajiye shi a ƙarƙashin katifa, kuɗin ɗaki ba ya kwana, yau suna gobe biki jibi anko, kafin ki farga ya narke. Ko ki bar shi a asusun da ba kya yawo da katinsa, ko ki sayi 'yar tunkiya ki ɗaure tunda ciyawa na tafe, in kin saba kiwo kuma kina da mai yi mata allura. Kar kuma ki manta kwasa ba kyauta ba ce, zubi yana nan yana jiranki duk wata har zagayen ya ƙare. Shi ya sa ba na son ki saurari masu cewa ki ba maigida nasa ki karɓi tab a biya kaɗan kaɗan. Jimillar kuɗin tana fin na sayen hannu da hannu sosai, kuma irin wannan tsarin in wata ya zo ba ki biya ba suna kulle na'urar daga can inda suke, ki duba albashi ya yi jinkirin sati biyu kina cikin jarrabawa. Zubi da bashi a kan albashin malamin firamare ɗaya nauyin ya yi yawa.

In lokacin saye ya zo, ga abin da za ki riƙe. RAM kar ya gaza 4, ma'aji kar ya gaza giga 64, ta zama tana da wurin memori, kuma Android ɗinta na kusa kusa ne ba wanda ya kwana biyu ba. Babban abin da mutanen ƙauye ke faɗawa ciki shi ne sim, tab da yawa ba sa ɗaukar sim sam, Wi-Fi kawai suke, misali Redmi Pad SE mai inci 11 haka ta fito, Galaxy Tab A9 ta Samsung kuma iri biyu ce, akwai mai sim akwai marar sim, kwalinsu kusan ɗaya. Marar sim ta fi arha kuma za ta yi aiki in za ki riƙa ba ta data daga wayarki, amma kin ga caji biyu kenan kike ƙonawa a garin da caji kuɗi ne. Ni mai sim ta 4G zan ce miki. Kar ki biya ƙarin kuɗi don 5G, tun 2022 ya shigo Najeriya amma a manyan birane yake. Girman fuska kuma ki gwada da idonki, ki sa a buɗe miki littafin darasi a mai inci 8 da mai inci 11, ke da kike karatun dare ƙaramar tana iya gajiyar da ido, babbar kuma ta fi tsada da nauyi a jaka. Sababbin bakin cajinsu USB-C ne, igiyar tsohuwar ba za ta shiga ba. In kin kai lokacin rubuta furojet, ɗan kibod na Bluetooth zai ishe ki. Wasu za su ce ki sayi laftof ta hannu maimakon tab, tana da daɗin rubutu kam, amma batirin ta hannu awa nawa yake yi, kuma a ina za ki riƙa cajinta?

Ki yi hattara da waɗanda ake jerawa da kwali mai ƙyalli, an rubuta RAM 16 da ma'aji tera guda, ga kyautar kibod ga biro ga abin kunne, kuɗin kuma rabin na sauran, sunan kamfanin ba wanda ya taɓa ji. Kallon kitse ake yi wa rogo, lambobin da ke jiki ƙarya ne, har cikin saitin suna iya rubuta ƙaryar, ki kai gida ki tarar tsohuwarki ta fi ta gudu. Araha ba ta ado. In Kano za ki, Farm Centre ko titin Beirut inda ake kasuwar waya, ki tafi da wanda ya san kan abin, ku zaga shago uku huɗu kafin ki ciro kuɗi, a buɗe a gabanki a sa sim ɗinki a gwada, a ba ki rasit mai sunan shago da lambar IMEI, wato lambar shaidar na'urar, ki danna *#06# ki ga lambar ta yi daidai da ta kwali. In ta hannu ce ki tabbatar an cire asusun Google na mai ita na da, in iPad ce an cire iCloud, in ba haka ba kin sayi faranti. Kuma rasit ɗin nan shi ne kariyarki in ta zama ta sata ce. Riga da gilashin kariya a ranar za ki saya, gida mai yara uku ba a jira.

Abokiyar aikinki kuwa, ba laifi don kin ga tata ranki ya biya, ɗan Adam ne. Ki ɗauki darasi daga gare ta, ta riga ki shiga ruwan, nan da wata uku ki tambaye ta yaya cajin yake, sim ɗin yana kama sabis a ƙauye, me ta yi da ta sani a kai. Kafin kaka kin samu labarin da mai shago ba zai taɓa ba ki ba.

Shi kuma yayanki, ina ganin kin ɗora wa kanki nauyin da shi bai ɗora miki ba. Mutum ya ba ki abu kin riƙe shi shekara shida kin yi karatun digiri a kansa, wace godiya ce ta fi wannan? Ki kira shi ki gaishe shi ki ce Yaya tab ɗinka fa ta kawo ni aji kaza, yanzu batirinta ya gaji, ka san mai gyara na kirki a Kano? Kin ga kin sanar da shi halin da ake ciki, kin ba shi girmansa, kuma in ranar sayen sabuwa ta zo shi ne zai raka ki kasuwa. Kar ki bayar da ita a musaya, abin da za su saya ba zai kai darajarta a gidanki ba, ki bar wa yara ita da karatun Alƙur'ani da na boko a kan memori, sabuwar kuma ta zama taki ke kaɗai.

Wuri ɗaya ne zan sauya magana. In kin duba kin ga batir ya kumbura kuma an nemi irinsa an rasa, ko an ce injin ne, ga jarrabawa ta matso, to karatunki ba zai tsaya ba, ki sayi ƙarama mai sim daga kamfanin da aka sani ko ta hannu mai rasit, abin da ya rage ki ba maigida ya rage wani abu a takin, ki nuna masa tab ɗin da idonsa ya ga ba ƙin taimako kika yi ba. Kafin nan kuma, littattafan darussan da suka fi ba ki wuya guda biyu ki kai a buga miki su a takarda in kin shiga gari, ko da tab ta mutu da daddare kina da abin dubawa da tocila.

Yau dai ki fara da farantin nan ki duba bayanta, ki rubuta imel da fasuwod a takarda ki adana, gobe a makaranta ku yi gwajin da abokiyarki. Abin da kuka gani da abin da mai gyara ya ce ki rubuto min, in akwai sunan wadda kike hari ki haɗo da shi mu duba tare. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya ba mu damina mai albarka, a gaida yara.